Yadda za a kula da lafiyar yaron da ya warke daga ciwon daji har zuwa girmansa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowace shekara yara da matasa kimanin 400,000 ƴan ƙasa da shekara 20 ne suke kamuwa da ciwon daji. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 suna warkewa, amma a da yawa daga cikin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi waɗanda suke tsira ba su kai kashi 30 ba, dalilin da ya sa hukumar ta ƙaddamar da wani shiri a 2018 da nufin kai adadin zuwa kashi 60 nan da 2030. A jihar Maraɗi ma akwai iyalai da suka sha doguwar hanyar Yamai, mai nisan fiye da kilomita 600, ko suka tsallaka Katsina da Kano da Zariya, suka sayar da dabbobi da hatsi, har Allah ya sa yaronsu ya gama magani aka sallame shi. Wannan bayani domin su ne, da kuma majo da ungozoma da ke karɓar irin waɗannan yara a asibitocin garuruwa.

Magungunan da suke kashe ciwon daji suna shiga jikin da bai gama ginuwa ba, kuma wani lahanin nasu ba ya fitowa sai bayan shekara 10 ko 20, lokacin da kowa ya manta da jinyar. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2006, ya bi mutane fiye da 10,000 da aka yi wa magani suna yara tsakanin 1970 da 1986, ya tarar cewa kimanin kashi 62 cikin 100 suna da aƙalla wata larura guda mai daɗewa, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu larurarsu mai tsanani ce. Bai kamata wannan adadi ya tayar wa iyaye hankali fiye da kima ba, domin a wancan zamani ana yawan gasa yara da na'ura da ƙarfi, wato haska wurin ciwon da wani haske mai kashe ƙwayoyin daji, alhali yawancin yaranmu allurai da tiyata ake yi musu. Darasin da ke ciki shi ne cewa kowane magani yana da gaɓar da yake taɓawa, kuma idan an san maganin da yaro ya sha, an san gaɓar da za a sa wa ido.

A rarrabe abu biyu tun farko. Akwai randebun da likitan ciwon daji yake bayarwa a shekarun farko domin duba ko ciwon ya dawo. Ciwon Burkit, mai kumbura muƙamuƙi ko ciki, idan zai dawo yakan dawo ne a cikin shekarar farko. Ciwon dajin ƙoda yawanci a cikin shekara biyu. Ciwon dajin jini kuwa yana iya jinkirtawa fiye da haka. Waɗannan randebu ba a tsallake su ko da yaro yana ta guje-guje lafiya lau. Na biyu shi ne kulawar da za ta ci gaba har tsufa, kuma ita ce aka fi sakaci da ita, domin babu wanda zai kira ku ya tuna muku.

Takardar da ba za a baro asibiti ba sai da ita

Kafin ku ɗaure kaya ku kamo hanyar gida, ku roƙi likitan da ya yi wa yaron magani ya rubuta muku taƙaitaccen bayanin jinyar, da hannunsa da tambarin asibiti. Wannan haƙƙinku ne, kuma likitocin yara sun san amfaninsa. Takardar ta ƙunshi cikakken sunan ciwon da matakin da aka same shi, ranar da aka fara magani da ranar da aka gama, sunan kowane maganin shimiyo, wato allurai da ƙwayoyin kashe ciwon daji, da jimillar abin da yaron ya sha daga farko zuwa ƙarshe, irin tiyatar da aka yi da gaɓar da aka cire, da ko an gasa shi da na'ura, a wane sashe na jiki kuma da wane ƙarfi. A rubuta ko an ƙara masa jini, da lambar dosiyensa, da lambar wayar sashen da ya kwanta. Abin da aka fi mantawa shi ne jimillar magani, alhali a kanta ake gina kusan dukkan shawarar da za ta biyo baya. Idan likitan yana cikin cunkoso, ku ce masa cikin ladabi: “Likita, don Allah a rubuta mana jimillar jan maganin nan da ya sha, saboda likitan Maraɗi zai tambaya.”

Da kun samu takardar, a yi mata fotokofi biyu ko uku, a sa ta asali cikin leda a ajiye inda gara da yoyon damina ba za su kai ba, a ɗauki hotonta da waya a tura wa wani ɗan'uwa amintacce, domin waya takan ɓata ko ta lalace. Ta asali ba ta zuwa asibiti. Kofi ake kaiwa. Wanda yaronsa ya gama magani shekaru da suka wuce ba tare da wannan takarda ba, ya tattara tsofaffin ordonas da karne da sakamakon awo, ya koma asibitin da aka yi jinyar da lambar dosiye, ya nemi a rubuta masa. Gara a yi haka da wuri, tun ma'aikatan da suka san yaron ba su canza wurin aiki ba. Waɗanda suka yi jinya a Najeriya takardarsu za ta zo da Turancin Ingilishi, amma sunayen magunguna kusan ɗaya suke da na Faransanci, saboda haka majo zai iya karanta su.

Zuciya

A duba takardar ko akwai doksorubisin ko donorubisin. Su ne jajayen allurai da suke sa fitsarin yaro ya yi ja kwana ɗaya ko biyu, kuma ana amfani da su a ciwon dajin jini, da ciwon Hojkin na kaluluwa, da wasu matakai na ciwon ƙoda da na Burkit. Suna raunana naman zuciya a hankali, kuma haɗarin yana ƙaruwa da yawan abin da aka sha. Likitoci suna lissafa jimillar da miligiram a kan faɗin jikin yaro. Wanda jimillarsa ta kai 250 ko fiye yana cikin masu babban haɗari, kuma shawarar ƙwararru ita ce a yi masa eko na zuciya, wato hoton da na'ura ke ɗauka ta nuna yadda zuciya ke aiki, duk bayan shekara biyu. Wanda ke tsakanin 100 da 250 kuwa duk bayan shekara biyar. Gashi a ƙirji shi ma yana ƙara wannan haɗari. Dalilin yin eko ga mutumin da ba ya jin komai shi ne zuciya takan daɗe tana raguwa kafin ta nuna alama, kuma akwai magunguna masu sauƙin samu da suke taimaka mata idan an gano da wuri.

Alamun da ba a jira da su su ne haki a aikin da a da ba ya sa shi haki, kumburin ƙafafu, tarin dare, kasa kwanciya sai an tada kai da matashi, da bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba. Yawanci a gida akan ce ƙarancin jini ne ko sanyi, a sayo maganin ƙarin jini. Ga yaron da ya sha jan magani, a fara kawar da zancen zuciya tukuna.

Inda wannan magana ta fi nauyi a wurinmu shi ne ga ƴaƴa mata. Ciki yana ƙara yawan jinin da zuciya ke turawa ƙwarai, kuma ciwon zuciyar da ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa sananne ne a ƙasar Hausa ko ga matan da ba su taɓa shan shimiyo ba. Yarinyar da ta sha jan magani a yi mata eko kafin ta ɗauki ciki ko a farkon cikin, ta nuna takardarta ga ungozoma tun awon farko, kuma ta haihu a asibitin da ke da likita, ko da ƴan'uwanta duk a gida suka haihu. Bayan haihuwa, kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego yana ɗauke da gishiri mai yawa wanda ke tara ruwa a jiki, wankan ruwa mai tsananin zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. A ganina wannan wuri ne da uwa da uwar miji ya kamata su zauna da ungozoma tun kafin haihuwa su fahimci juna, domin ranar wanka ba ranar jayayya ba ce, kuma mai jego ba ta iya musa wa manya.

Ƙoda da mafitsara

Yaron da aka cire wa ƙoda ɗaya saboda ciwon dajin ƙoda zai iya rayuwa cikakkiya da wadda ta rage, ya yi karatu, ya yi noma, ya yi aure. Sharaɗin shi ne a kiyaye ta. A auna masa hawan jini aƙalla sau ɗaya a shekara, a duba fitsarinsa ko yana zubar da furotin, a kuma yi awon jini na kiriyatinin, wanda ke nuna yadda ƙoda ke aiki, gwargwadon yadda likita ya tsara. Haka ma wanda ya sha sisplatin, karboplatin ko ifosfamid, ko da ƙodojinsa biyu suna nan.

Babban abokin gabar irin wannan ƙoda a Maraɗi shi ne maganin ciwon jiki da ake saye a tire ko a bakin kasuwa. Diklofenak da ibuprofen suna rage jinin da ke shiga ƙoda, kuma sun fi yin ɓarna idan jiki ya bushe, kamar lokacin gudawa da amai ko a zafin watan Afrilu da Mayu, sa'ad da awon zafi ke wuce 40. Idan yaro yana ciwon kai ko zazzaɓi, parasetamol ne ya fi dacewa da shi, bisa adadin da ma'aikacin lafiya ya faɗa. Allurar jentamisin, wadda ake yawan yi wa yara, tana iya taɓa ƙoda da kunne, saboda haka a gaya wa duk mai rubuta magani cewa ƙodar yaron ɗaya ce kafin ya ɗora alƙalami. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe da ba a san abin da ke cikinsu ba, a nisanta su da shi. A rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa a tukunyar gida gaba ɗaya, domin ba a iya dafa wa yaro ɗaya tasa miyar daban har shekara 20. Idan ya balaga ya zo fara azumi, musamman azumin da ya faɗo a bazara, a nemi shawarar likita a haɗa da ta malami. Da yawa suna iya yi idan awonsu yana da kyau, wasu kuma suna cikin waɗanda shari'a ta yi wa sauƙi.

Siklofosfamid, wanda shi ne ginshiƙin maganin Burkit, yana iya barin rauni a mafitsara. A yankunan da yara ke wanka a tabki da gulbi, kamar kewayen Madarumfa, jini a fitsari abu ne da aka saba danganta shi da tsargiya, a sha magani a wuce. Tana iya zama tsargiyar ce, amma ga wannan yaro a yi awon fitsari a tabbatar, kuma idan jinin bai tsaya ba bayan magani a nemi eko na mafitsara.

Kunne, jijiya, huhu da ƙashi

Sisplatin da karboplatin suna rage ji, kuma sukan fara da siraran sautuka, shi ya sa yaro zai ji an kira shi amma ya kasa rarrabe kalmomi a cikin hayaniyar aji. A yi masa awon ji bayan gama magani, a zaunar da shi a gaba a makaranta, a raba shi da injin niƙa da sa waƙa da ƙarfi a kunne. Binkiristin yakan bar sanyin ƙafa ko jan ƙafa, wanda yawanci yake sauƙi da lokaci da motsa jiki. Wanda ya sha bleyomisin, kamar masu ciwon Hojkin da yawa, huhunsa ne abin kiyayewa: ba taba, ba shisha, a rage masa zama cikin hayaƙin murhu, ya rufe hanci a ƙurar hunturu, kuma duk ranar da za a yi masa tiyata a sanar da likitan da ke sa barci. Yaran da suka daɗe suna shan prednizon ko deksametazon, musamman masu ciwon dajin jini, idan suka fara ciwon ƙugu ko gwiwa da ɗingishi, a ɗauki hoton ƙashin kafin a kai su wurin mai ɗori.

Ciwon dajin ido

Wannan ciwo yana da hukunci na daban domin kimanin kashi 40 cikin 100 na masu shi suna ɗauke da nau'in da ake iya gado. Duk yaron da ciwon ya kama idanunsa biyu yana ɗauke da nau'in gado, wasu masu ido ɗaya ma haka. Ma'anar wannan ita ce ƙannensa suna bukatar likitan ido ya duba su tun suna jarirai, kuma idan shi kansa ya girma ya haihu, kowane ɗa nasa yana da rabin yiwuwar gadon ƙwayar halittar da ke kawo ciwon. Jaririn irin wannan gida a kai shi awon ido a makonnin farko, kada a jira sai an ga farin haske a tsakiyar idon kamar na kyanwa da dare. Ciwon da aka kama yana ƙarami ana iya maganinsa a tsirar da idon. Masu nau'in gado kuma sun fi sauran mutane haɗarin wani ciwon daji daga baya, musamman na ƙashi, saboda haka kumburi ko ciwon ƙashi da ya ƙi tafiya a kai shi asibiti. Idon roba ana wanke shi da ruwa mai tsabta, ana kuma canza shi yayin da fuskar yaro ke girma, idon da ya rage kuma a kare shi da tabarau mai ƙarfi.

Wanda aka gasa da na'ura

Tun daga 2021 ake yin gashi da na'ura a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai, don haka yaran da suka bi ta wannan hanya za su riƙa ƙaruwa. Ƙa'idar a nan ita ce a kula da duk abin da ke cikin wurin da hasken ya ratsa. Idan wuya ne, a riƙa awon jini na tiroyid duk shekara, wato halittar gaban wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo, domin idan ta yi rauni yaro yakan yi kasala, ya ji sanyi, tsawonsa ya tsaya, kuma ƙwaya ɗaya a rana tana gyara hakan. Idan kai ne, a sa ido a kan tsawo, balaga, karatu, haƙora da yanar ido. Idan ciki ne, a riƙa duba sukari. Yarinyar da aka gasa wa ƙirji tana da haɗarin ciwon dajin nono tun tana da ƙuruciya, kuma shawarar da aka yi ittifaƙi a kanta ita ce ta fara awon nono duk shekara daga shekara 25, ko shekara 8 bayan gashin, duk wanda ya zo daga baya.

Girma, balaga da maganar aure

A riƙa auna tsawo da nauyin yaro ana rubutawa a karne ɗaya, domin awo guda ba ya nuna komai sai an jera shi da na bara. Yarinyar da ta kai shekara 13 ba alamar nono, ko ta kai 15 zuwa 16 ba ta ga al'ada ba, da yaron da ya kai 14 ba alamar balaga, a kai su ga likita. Haka kuma wanda balaga ta zo masa da wuri ƙwarai.

Tambayar da ke cin zuciyar iyaye, ko ba su furta ba, ita ce haihuwa. Amsar ta dogara da magani da yawansa. Siklofosfamid da ifosfamid da prokarbazin masu yawa, da gashi a mara ko maraina, suna iya rage haihuwa, kuma maza sun fi saurin taɓuwa. Da yawa daga cikin waɗanda suka warke suna haihuwa ba tare da wata matsala ba. Namiji yana iya balaga daidai, ƙarfinsa daidai, amma maniyyinsa ya kasance da ƙarancin ƙwayoyin haihuwa, kuma awon maniyyi ne kaɗai ke nuna hakan. Sanin wannan yana hana a ɗora wa matarsa laifi, a yi ta yawo da ita wurin masu magani, ko a ƙara aure a kan zato. Mace kuma al'adarta tana iya ɗaukewa da wuri fiye da sauran mata, wadda aka gasa wa mara tana da haɗarin ɓari da haihuwar bakwaini. Binciken da aka yi a kan ƴaƴan waɗanda suka warke bai nuna cewa sun fi sauran yara zuwa da naƙasa ba, in ban da ciwukan gado irin na ido da aka ambata. Ciwon daji kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko kwanciya, ko shayarwa.

Ɓoye tarihin ciwon ga dangin miji ko na mata abu ne da ake yi saboda tsoron a fasa aure, kuma ana iya fahimtar tsoron. Sai dai abin da aka ɓoye wa miji an ɓoye wa ungozoma, domin shi ne zai ba da izinin zuwa asibiti da kuɗin eko. Ya fi kyau waliyyi ya samu mutum ɗaya mai hankali a cikin dangin, ya yi masa bayani da takarda a hannu.

Rigakafi da cututtukan da ke kewaye da mu

Shimiyo yakan goge wani ɓangare na kariyar da allurar rigakafi ta ba yaro a baya. Yawanci bayan kimanin wata 6 da gama magani ake sake duba karnen rigakafi a cike abin da ya kamata, kuma rigakafin ƙyanda da na shawara ba a yin su sai likitan ciwon daji ya ba da izini. Duk yaron da aka ƙara wa jini a yi masa awon ciwon hanta nau'in B da C da na ƙanjamau sau ɗaya bayan gama magani. Idan ba ya ɗauke da nau'in B kuma ba shi da kariya, a yi masa rigakafi. Idan yana ɗauke da shi, hantarsa na bukatar bibiya, kuma a kiyaye shi da gujiya da masara da suka yi fumfuna, da ƙuli-ƙulin da aka yi da ruɓaɓɓiyar gujiya, domin gubar da ke cikinsu idan ta haɗu da wannan ciwo tana ninka haɗarin ciwon dajin hanta.

Wanda aka cire wa saifa, ko aka gasa ta, zazzaɓinsa ba ya kwana a gida. Zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da ciwon huhu suna iya kayar da shi cikin sa'o'i, ga shi muna cikin yankin da sanƙarau ke yawo a lokacin rani. Ya kwana cikin gidan sauro duk shekara, ya samu rigakafin sanƙarau da na ciwon huhu, kuma da jikinsa ya yi zafi a tafi asibiti a ranar.

Karatu da halin zuciya

Yaran da aka yi wa allurar metotireksat ta gadon baya, ko aka gasa musu kai, wasunsu sukan yi jinkirin fahimta, su riƙa mantuwa, lissafi ya yi musu wuya, kuma abin yakan fito ne shekaru bayan magani, lokacin da karatu ya yi nauyi. Uba ya je da kansa ya sami malamin boko da na allo ya yi musu bayani, domin yaron da ba a san tarihinsa ba bulala yake sha a kan abin da ba laifinsa ba. Ƙarin lokaci, maimaitawa da zama a gaba suna taimakawa ƙwarai. Cire shi daga makaranta saboda tausayi kuskure ne, musamman ga wanda aikin ƙarfi zai yi wa wuya, kamar mai ƙafa ɗaya ko mai raunin zuciya, wanda ilimi ko sana'ar hannu ce za ta riƙe shi.

Wasu yaran sukan dawo da tsoron allura, mugun mafarki, ko janyewa daga abokai saboda tabo da tsokana. Matashin da ya daina magana, ya daina cin abinci, ko ya fara shan tramol, yana bukatar a zauna da shi, kuma idan abin ya daɗe a nemi ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa. A ɗaya gefen kuma akwai shagwaɓa: yaron da aka hana wasa, aka hana aike, ana ta ba shi lemun kwalba da kayan zaƙi, yakan tashi da ƙiba da hawan jini, waɗanda su ne suke ƙara wa zuciya da ƙoda nauyi. In ba likita ya hana ba, a bar shi ya yi ƙwallo da tafiya kamar kowa.

Tsara awon shekara

Yawancin abin da aka lissafa ba ya bukatar tafiya Yamai. Awon hawan jini, tsawo, nauyi da duba jiki ana yin su a asibitin gari mafi kusa, ko a Tibiri kuke ko Tasawa ko Dakwaro. Awon jini da eko kuma a nemi likita ya tura ku babban asibitin jiha ko asibitin referans na Maraɗi. A zaɓi ma'aikacin lafiya ɗaya da zai san yaron, a ba shi kofin takardar, a kuma roƙe shi ya kira sashen da aka yi jinyar idan wani abu ya shige masa duhu. Kulawar kyauta da gwamnati ta tanadar wa yara tun 2006 ta tsaya ne a kan ƴan ƙasa da shekara 5, yawancin waɗannan yara kuwa sun wuce nan, don haka kuɗin awo a kan iyali yake. Dabarar da ta fi dacewa da manomi ita ce ya tsayar da awon a bayan kaka, lokacin da akwai ɗan abin hannu kuma hanya ta bushe, ya ware kuɗin tun ranar da ya sayar da wake ko riɗi. Idan kuɗin bai isa a yi duka ba, a tambayi likita wane awo ne ya fi muhimmanci ga wannan yaro bisa takardarsa, a fara da shi.

Tsakanin awo da awo, a koma asibiti ba tare da jiran lokaci ba idan aka ga sabon ƙullutu ko kaluluwar da ta wuce mako biyu tana girma, rama ba dalili, zazzaɓin da awo ya nuna ba na sauro ba ne kuma ya ƙi sauka, ɗashewar jiki da zubar jini daga hanci ko dasashi, ciwon kai da amai da safe, ko ciwon ƙashi mai tayar da shi daga barci.

Yaron da aka yi wa magani yana ɗan shekara uku ba ya tuna komai, kuma da yawa sukan girma ba su san sunan ciwon da suka yi ba. Tun yana kusan shekara 12 a fara yi masa bayani daidai hankalinsa, a bar shi ya riƙa amsa tambayoyin likita da bakinsa. Kafin ya kai shekara 18 ya kamata ya iya faɗin sunan ciwonsa, shekarar da ya gama magani, gaɓar da aka cire masa, magungunan da aka hana shi, da awon da ke kansa da lokacinsa. Ranar da zai tafi ci-rani Agadas ko Legas, ko karatu Yamai, ko ranar da za a kai yarinya ɗakinta, a sa kofin takardar cikin kayansu, a tura musu hotonta a waya, ta asali kuma ta ci gaba da zama a gida wurin wanda ya fi kowa iya ajiya.